Banɗaki ruwan lemo a Aboabo: inda launin zai zauna da inda ba zai zauna ba

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Aboabo a Kumasi ta ce an fitar musu da banɗaki a jikin ɗakinsu cikin gidan gado. Faɗinsa mita ɗaya da rabi, tsawonsa mita biyu, taga ɗaya ce ƙarama mai luba. An gama filasta, ba a sa tayil ba tukuna, kuma ruwan bohol suke amfani da shi. Ita tana son a yi shi ruwan lemo daga sama har ƙasa, maigidan kuwa ya ce zai yi duhu kuma zai yi zafi. Tana tambaya wa ke da gaskiya, kuma me ya kamata ta saya.

Amsa:

Hajiya, Allah ya sa a gama lafiya a shiga lafiya. Aikina ke nan, tayil da fenti, kuma in aka matsa mini in raba wannan gardama zan ce ki yi ruwan lemonki, amma a bango ɗaya, kuma da tayil. Sauran kuma ki bari kayan da ake iya canzawa su ɗauki launin.

Maganar Alhaji ta zafi ba ta tsaya ba. Fentin cikin ɗaki ba ya ƙara wa ɗaki zafi. Kwanon rufi da rashin iska ne ke yin wannan, ido ne kawai yake raya wa mutum cewa wurin ya ɗumama. Maganar duhu kuwa ya faɗi gaskiya. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, ruwan lemo mai kauri kuwa da ƙyar yake kai rabin haka. Sannan a ɗaki ƙarami irin naku bango yana kallon bango, kowanne yana watsa wa ɗan'uwansa launinsa, sai abin da kika gani a katin mai fenti ya yi miki sanyi ya koma ja-ja idan ya mamaye kusurwa huɗu. Farar masai ma sai ta ɗauki launin. Da taga ɗaya mai luba, ko da rana tsaka sai kin kunna wuta.

Kafin ki je kasuwa, ki fara gwada ruwanku, domin shi zai gaya miki irin ruwan lemon da zai yi miki. Ki samu farin bokiti ki cika shi kai tsaye daga bohol ɗin, ki bar shi a buɗe ya kwana. In da safe kika ga ruwan ya ɗan yi rawaya, ko wani jan gari ya kwanta a gindin bokitin, to akwai ƙarfe a cikinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankinmu. Ƙarfen yana narke a ruwa ba a ganinsa, sai ya haɗu da iska ya zama tsatsa, kuma abin da ya wuce miligiram 0.3 a lita ɗaya ya isa ya fara ɓata tayil da tufafi. Masu shan ruwan famfo na madatsun Barekese da Owabi ba su cika fama da wannan sosai ba, amma su ma in famfo ya ɗauke ya dawo sun san irin jan ruwan da yake fara zuwa. A nan ne zaɓinki ya yi miki rana: bangon da ke ƙarƙashin shawa, wanda ruwa ke bi kullum, in fari ne zai yi jan zane daga bakin famfo zuwa ƙasa cikin 'yan watanni. In kuwa launinsa ya karkata ga jar ƙasa, tabon yana ɓacewa a cikinsa. Haka jar ƙurar da hunturu ke shigo da ita ta luba.

Saboda haka ni ba zan ba ki shawarar ruwan lemo mai ƙyalli irin na lemon kwalba ba. Ki nemi wanda ya ɗan ƙone, tsakanin ruwan goro da launin tukunyar ƙasa. Dalilin ba na ido kaɗai ba ne. Launukan da suka karkata ga ƙasa ana yin su ne da garin tsatsar ƙarfe, wanda rana ba ta kashe shi, kuma kaifin siminti ba ya cin sa. Mai ƙyallin nan kuwa, in fenti ne, shi ne ya fi saurin koɗewa, ya fi wuyar rufe bango, ya fi gajiyar da ido. Mutum yana shiga banɗaki da asuba ido bai gama buɗewa ba, ga alwala, ga sauri. Launin da ya burge ki a shago da rana ba lalle ya yi miki daɗi a wannan lokaci ba. Kuma kada ki tura yaro da baki ya ce a ba shi ruwan lemo, kowane mai shago da abin da zai miƙo masa. Ki ɗauki ƙyalle ko murfin roba mai ainihin launin da kike so ki tafi da shi.

Wane bango? Wanda shawa take jikinsa, musamman in shi ne yake fuskantar ƙofa, yadda da an buɗe shi ido zai fara gani. Wanda ba na so ki taɓa shi ne bangon madubi. Hasken da ke dukan bangon da ke gabanki shi ne yake dawowa kan fuskarki, in bangon ruwan lemo ne sai fuska ta ɗauki launin, ki shafa hoda ki ga ta zauna daidai, ki fita tsakar gida ki tarar ba haka ba. Bangon madubi a bar shi fari ko ruwan madara.

Ga lissafin. In gajeren bangon ne, mita 1.5, aka kai tayil tsayin mita 2.1, wato daidai saman ƙofa, kin sami murabba'in mita 3.15. Tayil mai girman santimita 25 da 40 guda goma ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, ke nan guda 32. Ki ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 35 ko 36. Ki duba jikin kwali ki ga adadin da ke ciki, domin kamfani da kamfani sun bambanta. Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne lambar gashi da ke jikin kwalin. Tayil gasa shi ake yi a wuta, kuma gashin yau da na wani mako ba sa fitowa launi ɗaya sak ko da sunansu ɗaya. A farin tayil ba a cika lura ba, a ruwan lemo kuwa bambancin yana tsalle ya fito. Ki tsaya a gabanki a haɗa miki kwalaye masu lamba ɗaya. Yanzu ana yin tayil a nan gida Ghana, akwai masana'antar Twyford a yankin Shama ta Jihar Yamma da wasu a wajen Tema, ga kuma na Sifen da Italiya da Sin da Indiya a shagunan Kumasi. Ruwan lemo zalla yana da ɗan wuyar samu a kowannensu, mai launin tukunya ya fi yawa. In kin ga wanda ya kwanta miki, ki sayi guda ɗaya tukuna, ki kai shi cikin banɗakin, ki jingina shi a bangon, ki watsa masa ruwa, ki dube shi da safe da kuma dare. Kuɗin tayil ɗaya bai kai baƙin cikin kwali uku da ba za a karɓa a mayar ba.

Tunda gidan gado ne, ina da tabbacin bangon nan ɗaya gefensa ɗakin kwanan wani ne, ko naku. Kada mai tayil ya ɗora komai sai an shafa maganin hana ruwa ratsawa, a ƙasa duka, a bangon shawa kuma har tsayin mita 1.8, shafi biyu, a kula da kusurwoyi da bakin bututu. Bayan ya bushe a toshe magudana a tara ruwa ya kwana a gani. Tayil kansa ba ya hana ruwa wucewa, ta layukan da ke tsakani yake bi. Yawancin fentin da kike gani yana kumbura yana zuba a gindin bangon ɗakunan kwana a unguwanninmu, ki leƙa bayansa za ki tarar da banɗaki. Rigimar da wannan ke haddasawa a gidan gado ta fi kuɗin maganin nesa ba kusa ba.

Layukan tsakanin tayil, a bar su milimita 2 zuwa 3, kuma kada a cike su da farin siminti a wannan bango. Da ruwan bohol fari ba zai kai Sallah biyu yana fari ba. A sa ruwan toka mai haske ko ruwan ƙasa.

Ƙasan banɗakin kuwa ina roƙonki ki raba shi da ruwan lemo, kuma dalilina na tsarki ne. Wurin da ake alwala ake kuma kama ruwa, ana so ido ya iya ganin abin da ya fantsama. Tayil mai duhu ko mai zane-zane da yawa yana ɓoye najasa, ga yara suna shiga. Akwai kuma wani silɓi mai launin ja-ja da ke fitowa a kusurwar banɗaki da bakin magudana, ƙwayoyin cuta ne da ke rayuwa a kan ragowar sabulu da danshi. A kan farin tayil da ya fito za ki gan shi, a kan ruwan lemo sai dai ƙafa ta gaya miki. Wannan shi ne aibin launin, yadda yake rufa wa tsatsa asiri haka yake rufa wa datti. Ko bangon shawar ma ki riƙa shafa shi da hannu kina ji, kada ki dogara da ido. A ƙasa ki sa ruwan yashi ko ruwan toka mai haske, marar sheƙi, mai ɗan kaushi. In an rubuta R10 ko R11 a kwalin, wato ma'aunin rashin santsi, to ya yi. Ƙanana irin 30 da 30 sun fi manya sauƙin karkatarwa, kuma a ba ƙasan gangare na santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa magudana. Mai sheƙin nan da ake sa wa falo, wanda wasu ke cewa a ƙarasa ragowarsa a banɗaki don kada ya yi asara, shi ne yake karya tsofaffi.

In ba a riga an kafa bututun masai ba, ki tuna wa mai aikin famfo da alƙibla. Daga Kumasi gabas take, ta ɗan karkata arewa. Malamai suna da bayani kan hukuncin a cikin gini, wannan na bar wa malaminku, amma juya bututu kafin a zuba kankare ba ya cin komai.

Yanzu fenti. Abin da ya rage sama da tayil, kusan santimita 60 a kewaye, da silin, shi ne rabon fenti. Ni da fari zan bar shi, don shi ne zai riƙe miki hasken. In kuma zuciya ta ƙi, kina son launin ya zagaya, to ki ji waɗannan.

Sabuwar filasta ba a yi mata gaggawa. A ba ta aƙalla mako huɗu, in damina ce a ƙara. Kumasi damina biyu gare ta, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya kusa ninka na Accra, don haka bango a nan ba ya bushewa da wuri. Ki manna leda a jikin bangon, ki rufe gefunanta da salatif, ki bar ta ta kwana. In kin ga raɓa a cikinta, bango bai shirya ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, sai dai a rufe luba saboda ƙura. A fara da shafin farko mai jure kaifin siminti. Kada a yi wa bangon banɗaki sumul da POP, yana shan danshi ya yi laushi ya ɓare da fentin gaba ɗaya. Sannan a sayi fentin ruwa mai ɗan sheƙi wanda ake iya wankewa, mai maganin fumfuna. Lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, amma ruwan lemo ba ya rufewa da shafi biyu, ki shirya wa uku. Wurin naku, ban da silin, bai fi murabba'in mita huɗu da 'yan kai ba, ƙaramin galan ya ishe ki har da ragowa. A haɗa miki launin da na'ura a shago a rubuta miki lambarsa. Mai fentin da zai ce ki kawo fari shi zai zuba ja da rawaya ya gauraya da sanda, ranar da kika so gyaran wani wuri ba zai iya maimaita shi ba.

Abin da na fi so ki riƙe a maganar fenti shi ne wannan. Mu nan an saba shafa wa banɗaki fentin mai, saboda yana sheƙi kuma ruwa yana zamewa a kansa. To a cikin fentin mai, rawaya da ruwan lemo da ja su ne launukan da gwaje-gwaje a ƙasashe da dama suka fi samun dalma a cikinsu, domin akwai wani garin launi mai araha da ake yi da ita, shi ke ba su wannan ƙyalli. Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawara shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Duk wanda ya ji labarin yaran Zamfara a 2010 ya san abin da dalma ke yi wa yaro, ko da yake su ta hanyar haƙar zinariya ta same su. A gida ba ta yin kisa farat ɗaya irin wancan, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwa da girman yaro. Fenti a wuri mai danshi kuwa dole wata rana ya ɓare, yaro ya tsinci ɓawon ya kai baki, ko a zo gyara a goge shi da samfefa ƙurar ta cika ɗaki. Fentin ruwa ya fi aminci ta wannan fuska. In dole sai na mai, a ƙofa ko ƙarfen taga, ki nemi gwangwanin da aka rubuta babu dalma, ki guji wanda ake aunawa a kwalba ba suna ba lamba.

Ƙwan lantarki yana iya gyara aikin nan ko ya ɓata shi. Yawancin waɗanda ake sayarwa a bakin hanya farare ne tas masu ɗan shuɗi, an rubuta 6500K a jikinsu, kuma a ƙarƙashinsu ruwan lemo yana komawa kamar ya yi datti. Mai rawaya sosai, 2700K, shi kuma yana rina fararen bangayen har a rasa bambancinsu da na shawar. Ki nemi 4000K. Ɗaya a silin, ɗaya a saman madubi, duka masu murfi saboda tururi.

Masai da wurin wanke hannu su zama farare, ba gardama. An yi yayin masu launi a shekarun 1970, har yau ana cin karo da su a tsofaffin gidaje, kuma duk wanda murfinsa ya fashe ya san ba ya samun irinsa. Kan famfo na azurfa ya wadatar. Baƙi yana kyau da ruwan lemo ƙwarai, amma yana nuna tabon sabulu da na ruwa, sai mai son goge-goge.

Inda za ki saki jiki ki more launin shi ne kayan amfani, kuma a nan mai ƙyallin ma ya halatta, tunda ranar da ya gundure ki sai ki kyautar. Ki shiga kasuwar Kejetia ki haɗo bokiti da buta da moɗa da kwandon wanki launi ɗaya, maimakon a wayi gari bokiti shuɗi, buta kore, moɗa ja, wanda shi ne ainihin abin da ke ɓata yawancin banɗakunanmu ko an kashe musu kuɗi. Sosonmu na raga, sapo, ana samun sa ruwan lemo, in an rataye shi a farin bango shi kansa ado ne. Tawul biyu ruwan lemo, biyu farare ko shuɗi mai duhu. Shuɗi shi ne kishiyar ruwan lemo a wajen masu haɗa launi, kaɗan daga cikinsa yana sa ɗayan ya ƙara fitowa, amma kaɗan ɗin nake nufi. Sabon tawul mai launi a wanke shi shi kaɗai sau biyu ko uku, yana zuba. Ja da rawaya da kore kuwa ki nisanta su da wannan ɗaki, in ba haka ba ki buɗe ƙofa ki ga kamar tutar Ghana aka shimfiɗa. Ƙaramar tukunyar ƙasa irin ta Pankrono a kan taga, da ɗan tsiro mai jure inuwa a ciki, ta isa. Kanta ko firam ɗin madubi in za a yi na katako, ki ce wa kafinta a Sokoban ya yi miki da tik ko odum, ya shafe shi da banish ta kowane gefe har bayan. Katakon wawa da katakon garin nan da ake mannawa ba sa shekara a danshi. Kuma kin sani, amma a faɗa saboda masu karatu: ba a rataye aya ko sunan Allah a wannan wuri, ko da firam ɗin ya dace da launin.

Wanda yake haya ne ba gidansu ba, ya tsaya a kan waɗannan kaya da labulen wanka kawai. Ko fenti ne sai da yardar mai gida, tayil kuwa ranar tashi ba ya bin ka.

Luba ɗin nan a bar ta a buɗe bayan wanka, a sa mata raga saboda sauro, kuma a rage wa ƙofar kamar santimita biyu daga ƙasa don iska ta ratsa. In da hali a sa ƙaramar fanka mai zuƙe tururi. Baƙar fumfuna a kan ruwan lemo muni gare ta fiye da a kan fari.

Wajen wanki, tabon tsatsa ba a kai masa farazon, wato bilic, ƙara kama shi yake yi. Ruwan lemon tsami ko binega ke cire shi: a shafa, a ba shi 'yan mintoci, a goge, a ɗauraye sosai, domin tsami in ya daɗe yana cin simintin layukan. Farazon na silɓi ne da fumfuna, a sirka shi da ruwa, kuma yana koɗar da tawul da labule mai launi in ya fantsama. Kada a taɓa haɗa shi da binega ko ruwan wanke masai mai asid, ko a zuba ɗaya a kan ɗaya. Hayaƙin da ke tashi guba ne, kuma a ɗaki mai mita ɗaya da rabi da taga guda ba shi da wurin fita sai ƙirjin mai wankin. Ki gaya wa duk yarinyar da ke taya ki aiki wannan da bakinki. Ragowar tayil uku ko huɗu kuma kada ki bari mai aiki ya tafi da su, ki ajiye su cikin kwalinsu mai lamba, saboda ranar da mai famfo zai fasa bangon neman bututu.